Daminar da Na Yi Golmo Ba Ƙwaya

Na faɗi a gonar surukina da garma a hannuna. Sun ce na yi ta shure-shure, kumfa na fita a bakina, har na ciji harshe. Ni ban san komai ba sai da na farka a gindin ɗorawa, wandona a jiƙe.

Golmo muke yi. A wajenmu, ƙauyukan bayan Zuru, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa ubanta noma shekara da shekaru, shi da sa'o'insa. Yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Iyayenmu da ƙarfin tuwo suka yi nasu. Mu a namu lokacin tiramol, ƙwayar kashe ciwo, ya shigo, ana samunsa a kasuwa, ana samunsa a tashar 'yan acaɓa. Shugaban sa'o'inmu ke farfasa shi cikin jarkar kunu, kowa ya sha. Sai ka wuni kana huɗa ba ka ji a jikinka ba.

Magana ta bazu cewa farfaɗiya gare ni. Uwar yarinyar da nake nema ta ce ba ta ba mai farfaɗiya 'yarta. A asibitin Zuru wani ma'aikaci ya tambaye ni abin da nake sha, na faɗa masa. Ya ce ƙwayar ce, kuma duk damina sai an kawo masa irina daga gona.

Na je na gaya wa surukina. Tsohon soja ne, ba ya son dogon bayani.

"Yaro, ni ban san ƙwaya ba, ban san farfaɗiya ba," in ji shi. "Gona na sani. Ka gama mini damina a tsaye, in gani."

Na ce, "To, Baba."

Barin ƙwayar ya fi faɗuwar wuya. Ƙasusuwana suka riƙa ciwo kamar an dake ni da taɓarya. Zawo, gumi, majina, ga sanyi da rana tsaka. Hakanan na riƙa fita da gorana na ruwa. Abokaina suka ji haushi, don ƙin shan kunun taro zagi ne a wajenmu. Suka ce na mai da su masu ba mutane guba. Kullum ni ne na baya a layi. Su gama su zauna a inuwa, shugaban ya ɗaga murya: "Tsoho, a sara maka sanda ne?" A yi dariya. Ni dai sai na ƙarasa layina.

Wata rana a noman biyu, duk sun tafi sun bar ni, sai ga surukina da tasa fartanya. Ya kama layin da ke kusa da nawa. Bai ce mini sannu ba. Muka fita ƙarshen gonar tare.

Aka girbe dawa ban sake faɗuwa ba. Shi da kansa ya yi wa matarsa magana, aka ba ni yarinyar.

Cikin sa'o'ina ɗaya ya mutu da ciwon ƙoda, shugabanmu kuma yana yawo a kasuwa yana magana shi kaɗai. Idan na gan shi nakan saya masa abinci.

Yanzu ina gonata a hanyar Mahuta, da matata da 'ya'yanmu. Har yau ba ni da sauri. Rumbuna a cike yake.