Na'urar da Ta Maye Gurbinmu

Mu huɗu muka kafa ƙungiyar kiɗan rock a unguwar Small Heath ta Ingila muna ɗalibai. Jitarmu ba ta kai ta kawo ba, amma in muka haɗa murya har maƙwabta sukan leƙo. Ni ke riƙe muryar ƙasa, wadda ba a lura da ita sai in ta ɓace.

Da jagoranmu ya koma Manchester, ko sallama bai yi mana ba, ya sayi na'urar da ke ninka muryarsa sau huɗu. Bara na je kallonsa. Ya rera waƙoƙinmu ba kuskure ko ɗaya.

Da aka tashi ya ce, "Mutumina, ka ga yadda muka ci gaba?"

Na ce, "Kai da wa?"