Jinin da Na Goge a Sirdin Baba

Ranar Talata da hantsi ina surfe, Baffa Hamisu, ƙanin Baba, ya dawo daga asibiti a Azare. Ya tsaya a bakin ɗakin Inna ya ce, "Yaya ya cika. Sai haƙuri." Taɓarya ta kuɓuce daga hannuna.

Mahaifina, Malam Idi, masinja ne. Kullum a keke yake zuwa ofis daga ƙauyenmu da ke hanyar Chinade. Idan ya tarar da tsoho a hanya sai ya goya shi. Yakan ce, "Keke ba ya ƙin mutum biyu, mai shi ne ke ƙi."

Shekara uku da suka wuce zama ya fara yi masa wuya. Sai wani mai gyaran keke ya samo masa sirdi na gwanjo, mai wani abu a ciki da ake kira jel. Idan ka danna shi da yatsa sai ya lotsa, ya dawo a hankali. Baba ya yi murna ƙwarai. "Hajaru," in ji shi, "wannan ai ya fi kujerar shugaban ofishinmu." Ni ya ɗora wa kula da shi. Nakan goge shi, in kai keken inuwa, don ya ce rana na fasa irinsa. Har yau bai tsage ba.

Bara na ga jini a tsumman da nake goge sirdin da shi. Baba ya lura na gani. Ya ce, "Basir ne kawai. Tunda sirdin na ɗaukata, asibiti na mene ne? Kada ki tayar wa Innarki hankali." Kunya ta rufe mini baki. Da aka kai shi asibiti daga baya, likita ya ce ba basir ba ne, kuma an makara.

Har aka yi sadakar bakwai abinci bai shiga cikina sosai ba. Ina ta tunanin da na yi magana, ko da sirdin bai yi taushi haka ba, da zafi ya kai shi asibiti da wuri. Ina tsoron Inna ta ji ta ƙi kallona.

Jiya na durƙusa na faɗa mata. Sai ta ce, "Ke, wa kike tsammanin ke wanke masa wando? Ni ma ya ce kada in tayar miki da hankali." Ta jawo ni jikinta muka yi kuka.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya yalwata masa makwanci. Allah Ya yafe mana shirunmu, ni da Inna, Ya raya ƙannena. Keken yana inuwa, Baba.