Alhaji Gambo da Ma'aunin Ruwan Sama

Tun da na ajiye aiki abubuwa da yawa sun zube mini daga kai: sunayen mutane, lambobin makullai, har da rabin Faransancin da na tsinta a hanya. Amma ranar da muka karɓi na'urar auna ruwan sama a unguwar Farcha tana nan daram, ko motsi ba ta yi ba. Ku yaran biro, wato ofis, kun dame ni in rubuta muku, to ga shi. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya kawar da kai, ni tun ina ƙaramin aji na yi sallama da lakwal, wato makarantar boko, kuma malamin bai riƙe ni ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne. Ina magaziniye, wato mai riƙe da ɗakin ajiya, a wani proje na taimakon manoma da masu lambu na bakin kogi. Kowace damina ruwa yakan shigo wa mutanen nan ba sallama, ya kwashe albasa da kuɓewa, wani lokaci har da katanga. Sai masu ba da tallafi daga waje suka ce a sayi na'urar da za ta riƙa auna ruwan sama da iska, ta aika labari biro, a sanar a rediyo tun kafin ɓarna ta iso.

Ga wanda bai sani ba, sayen kayan proje ba kamar sayen akuya ba ne. Sai an rubuta abin da ake so, a buga a jarida, kamfanoni su kawo tayinsu a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a zaɓi ɗaya. Kaya su hau jirgin ruwa zuwa Douala, su hau kaminyo, wato babbar mota, su zo su zauna a duwan, wurin 'yan kwastan, har su saba da ma'aikatan wurin. Mataki na ƙarshe shi ake kira resepsiyon: komisyon, wato kwamitin karɓar kaya, ta zauna, ta ga kaya suna aiki da idonta, ta sa hannu. Gwaji uku ake yi. Idan kaya suka faɗi duka ukun, a rubuta an ƙi, su koma ta hanyar da suka zo.

Mai kula da saye-saye a lokacin ita ce Madam Zenaba. Yarinya ce sosai, shekararta ta farko, kuma aikin nata na gwaji ne, ba a tabbatar da ita ba. Ita ta tsaya kai da fata aka zaɓi wani kamfani da ba wanda ya sani, don na'urarsa tana jure zafi, kuma da hasken rana take aiki, ba ruwanta da wutar gari da ke zuwa mana kamar baƙon nesa. Shef Mahamat, mataimakin darakta kuma shugaban komisyon, ya so a ba tsohon kamfanin da ke kawo mana kujeru da firji. Da bai yi nasara ba, ya gaya mata a gaban kowa: “Idan kayan nan suka ƙi, ke da su za ku fita ta ƙofa ɗaya.” Kuma Shef Mahamat ba ya wasa da irin wannan magana.

Kaya suka iso tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya tsallaka tsakar gida da rana. Injiniyan kamfanin ya biyo su, wani Nasara dogo da zafi ya mai da wuyansa kamar tumatir. Ya kafa na'urar a bayan magazan, wato ɗakin ajiyar, cikin shingen waya, saboda awakin Farcha ba su san dokar proje ba. Abin auna ruwan kamar bokiti ne mai mazurari, a cikinsa akwai 'yan cokula biyu masu lilo. Duk lokacin da ɗaya ya cika ya kife, sai lamba ta ƙaru a ordinatar, wato kwamfutar da ke cikin biro.

To, a bazara ina za a samu ruwan sama? Injiniya ya ce ba damuwa. Ya fito da kwalba mai jan layi. A cika ta zuwa layin, a zuba a mazurari a hankali, ordinatar za ta nuna goma cif. In ta nuna goma, na'ura lafiyarta ƙalau.

Sai dai doka ta hana mai sayarwa taɓa kaya lokacin gwaji, don kada ya yi wayo. Shef ya dubi 'yan komisyon, 'yan komisyon suka dubi rana ta taga, kowa ya ƙara gyara zama kusa da na'urar sanyi. Nan Shef ya tuna da girmama manya. Ya ce wannan daraja ta wakilin masu amfana ce.

Wakilin masu amfana shi ne Alhaji Gambo na unguwar Paris-Congo, babban mai sayar da hatsi, kuma shugaban ƙungiyar masu lambu. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan ya ɗan huta, har yau zuriyarsa ba su gama hutawar ba. Dattijo ne mai kwarjini, ya zo da babbar riga fara da butarsa a hannu. Injiniya ya nuna masa layin, na fassara, ya ce, “Ɗana, awo za a koya mini? Tun ba a haifi wannan ba nake riƙe da koron awon hatsi.” Muka bar shi da bokitin ruwa, muka koma ciki. Ni aka sa a bakin ƙofa in riƙa kai magana, don daga nan ba a hango bayan magazan, sai dai murya ta je.

Shef ya ɗaga hannu kamar mai sallamar jirgi. Na ƙwala kira, “Alhaji, bismillah, zuba!”

Lamba ta fara tafiya. Bakwai, takwas, tara, goma. Madam Zenaba ta saki numfashi. Sai abu ya ɗan tsaya, ya yi kamar ya gama, ya ce sha ɗaya. Ya ƙara da sha biyu.

Shef ya ce, “Uhm.” Wannan uhm ɗin na san shi, shi ya yi wa wani direba kafin ya sallame shi.

Injiniya ya ce wataƙila ƙurar hanya ce, a sake. Na leƙa waje na ce, “Alhaji, wai ba ta yi ba, a sake!”

Muryarsa ta zo daga bayan magazan: “Ba ta yi ba?”

“Ba ta yi ba, ranka ya daɗe.”

“To madalla. Yanzu za ta yi.”

A karo na biyu ta nuna sha biyar. Wuyan injiniya ya bar tumatir ya koma barkono. Ya buɗe littafin na'urar, ya rufe, ya ce a ƙasarsu ba ta taɓa yin haka ba. Shef ya ce ai nan ba ƙasarsu ba ce. Madam Zenaba ta riƙe bakin tebur da hannu biyu.

Na sake kira, “Alhaji, har yanzu fa ba su gamsu ba!”

Ya ce, “Kai! Waɗannan wane irin mutane ne?”

A karo na uku lamba ta wuce goma ba ta ko waiwaya ba, ta wuce ashirin, tana ta gudu. Wani ɗan komisyon ya ce in da gaske ne wannan ruwan, da yanzu muna cikin kwalekwale. Shef ya cire murfin alƙalami. Ya ce, “Kalas,” wato magana ta ƙare. Ya ce bayan azahar za a rubuta an ƙi, kowa ya sa hannu.

Aka yi salla, aka kawo gasasshen nama daga bakin mayanka da karkanji mai sanyi, wato zoɓo, don ko kaya za su koma Douala, komisyon ba ta komawa gida da yunwa. Madam Zenaba ta zauna can gefe, ba ta taɓa komai ba. Na ga ta fara tattara takardunta cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, har da hoton mahaifiyarta da ke kan tebur. A nan naman ya fara yi mini tauri.

Alhaji Gambo ya zauna kusa da ni, rigarsa jiƙe da gumi, ransa a ɓace. Ya rage murya ya ce mini da Hausa, “Ɗana, wannan abin naku ba shi da godiya. Na cika kwalba har layi, na zuba. Na ɗauki buta na yi masa gyara, kamar yadda ake yi wa kowa. Ka ce ba ta yi ba. Na ƙara gyaran. Ka ce ba su gamsu ba. Na ƙarshe rabin buta na juye masa. Ko bazawara mai marayu ban taɓa yi wa gyara irin wannan ba.”

Karkanji ya bi mini ta hanci. Shef ya juyo ya ce, “Da shunu?” wato mene ne. Ni kuwa yaya zan tona dattijo a gaban mutane? Ina ta tari ina neman hanyar da zan bi, sai Alhaji ya hutar da ni. Ya maimaita maganar da Larabci, da ƙarfi, don kowa ya ji irin mutuncin da ya yi wa baƙon kaya.

Ku da kuka tashi da sayayya a kanti ba za ku gane ba. A wurin su Alhaji, idan ka auna wa mutum koro, sai ka ɗebo da hannu ka ƙara masa a kai. Wannan ƙarin shi ne gyara. Wanda ya ba ka awo a shafe, ba ko ƙwaya a sama, ya gaya maka ke nan kada ka dawo. Hannun Alhaji ya shekara hamsin yana wannan aiki, ba ya ma jiran izinin mai shi.

Da aka fassara wa injiniya, ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Madam Zenaba ta tsaya da jaka a hannu, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Amma Shef bai yi murmushi ba. Ya ce doka ta ce gwaji uku, an yi uku, na'ura ba ta nuna goma ba. Abin da ido ya gani shi za a rubuta.

Sai a lokacin Alhaji ya tambaye ni, in aka rubuta, me zai faru. Na ce kaya za su koma, damina ta same mu hannu wofi. Na nuna masa Madam da baki, na ce ita ma yau ce ranarta ta ƙarshe.

Ya ajiye naman da ke hannunsa. Ya miƙe, ya gyara hula, ya tsaya gaban Shef. Ya ce, “Mahamat.” Ba Shef, ba komai, yadda zai kira ɗan maƙwabci. “Ƙarfen nan bai yi ƙarya ba. Abin da na ba shi, shi ya faɗa. Yarinyar nan ma ba ta yi laifi ba. In dole sai an rubuta wani abu ya lalace, to rubuta Alhaji Gambo ne. Ka buga tamfo a takardar. A ɗora ni a kaminyo a kai ni Douala, dama ban taɓa ganin teku ba.”

Shef ya duba takardar sama da ƙasa, kamar yana neman gurbin da ake rubuta dattijon da aka ƙi. Kuma ya san gobe labarin zai riga shi zuwa kasuwar hatsi, inda iyalinsa ke awo. Ya yi gyaran murya, ya mai da murfin alƙalami. Ya ce bayan nazari, komisyon ta gano cewa abin da aka yi da safe atisaye ne, gwaji yanzu za a fara.

Wannan karon Madam Zenaba ta fita da kanta. Ni ma na bar ƙofa na bi su, na ce wanda ke son labari ya leƙo ta taga. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ara mini butar nan.” Ta ɓoye ta a bayanta. Ta sa na janye bokiti nesa. Alhaji ya zuba kwalba a hankali har ɗigon ƙarshe, sai na ga hannunsa na dama yana lalube a iska, nan da can, yana neman abin ƙarawa. Ya kama shi da na hagu ya cusa a aljihu.

Muka jira. Can sai muryar Shef ta fito ta taga, kamar wanda ake cire wa haƙori: “Goma.”

Aka sake, goma. Aka sake, goma. Aka sa hannu, Madam ta mai da hoton mahaifiyarta kan tebur, kuma a wannan kujerar ta zauna har ta zama shugabar wasu daga cikinku. Da zai tafi, Alhaji ya ja ni gefe ya ce, “Ka rufa mini asiri a kasuwa. Kada a ji na ba da awo a shafe har sau uku a rana ɗaya.” Na riƙe masa har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa.

To ga darasin, ku buɗe kunne, don ba a lakwal ake samunsa ba. Duk dokokin resepsiyon an rubuta su ne saboda macuci: kada ya taɓa, kada ya rage, kada ya musanya. Ba wanda ya zauna ya rubuta abin da za a yi da mai alheri. Shi ya sa daga ranar har na bar aiki, in za a gwada kaya, ba na ɓata lokaci wajen neman ɓarawo a cikin komisyon, shi kowa na kallonsa. Mutumin kirki nake nema, in je in tsaya kusa da shi.