Famfon Waje

Orval Dueck ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa motar ɗaliban makaranta a garin Altona na lardin Manitoba, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Duk lokacin zafi suna bakin tafki shi da matarsa Elfrieda, yana jefa ƙugiya kifi na ƙin sa, ita tana gefe tana shan kofi tana yi masa dariya.

To amma zafin Manitoba baƙo ne, ba ya daɗewa. Da dinyoyi sun fara wucewa kudu, duk mai irin wannan mota ya san aiki ya same shi. Ruwa ko cikin cokali ya rage a bututu, sanyi zai daskarar da shi ya tsaga bututun, ba kuwa za ka sani ba sai ƙanƙara ta narke. Don haka Orval kan zubar da ruwan tanki, ya tsiyaye tukunyar ruwan zafi ya toshe hanyarta, sannan ya durƙusa a waje gindin injin tura ruwa, ya tsoma tiyo cikin galan na maganin daskarewa mai launin hoda. Elfrieda na ciki tana buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya. Da ruwan ya rine sai ta rufe, ta ƙwala masa kira: "Hoda!"

Mutum ɗaya ma zai iya aikin, amma su haka suka saba. Kuma kowace shekara sai Orval ya manta da ɗan famfon da ke jikin motar ta waje, wanda suke wanke ƙafa da shi. Sai ya tattara kaya ya miƙe da ƙyar, sannan ta leƙo ta taga.

"Tsoho, na waje fa? Ko bargo ka saya masa?"

Bana ba a yi wannan dariyar ba. Mantuwa ta kama Elfrieda, tun tana ɓatar da makulli har ta kai ga sa takalmi a firji. Orval ne girki, shi ne wanki, shi ne gadin ƙofa kada ta fice. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa, kuma yana jin kunyar gajiyar. Ɗiyarsu Lorna ta samo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi, tana ta kira daga Winnipeg.

"Baba, so kake ku faɗi ku biyu? Wa zai ɗauki wani?"

"Ki bar ni in gama shirya motar don sanyi tukuna," in ji shi.

Bai gaya mata abin da ya ƙudura ba. In Elfrieda ta iya kiran "Hoda!" ɗin nan nata, to da sauranta, babu inda za ta. Famfon waje kuwa da shi ya fara, don ya san bana babu mai tuna masa.

Ya sa mata rigar sanyi, ya tsayar da ita gaban famfon kicin, ya ɗora hannunta a kai. Ya fita ya durƙusa a kan ciyawa mai sanyi, ya kunna inji, ya kasa kunne. Galan ya yi rabi, shiru. Ya ce ƙila ƙarar inji ce ta hana shi ji. Galan ya ƙare, ya buɗe na biyu, alhali ya san ɓarna yake yi. Sai da tiyon ya fara zuƙar iska sannan ya kashe.

Ya same ta inda ya bar ta. Maganin ya gama kwarara ya bi rariya, ita kuwa tana kallon ragowar ɗigon da ke hannunta. Ya rufe famfon, ya goge mata yatsu da tawul, ya yi sauran famfunan shi kaɗai, yana shiga yana fita. Da ya gama ya zauna a bakin gado.

Sai ta juyo ta dube shi da fara'a, irin wadda take yi wa mai kawo wasiƙa.

"Bawan Allah, sannu da aiki. In ka ga mijina ka ce masa kada ya manta da na waje. Kullum sai ya manta, tsohon nan."

"Zan gaya masa," in ji Orval.

Ya kamo hannunta suka sauko a hankali. Ya zaunar da ita a kicin ɗin gida, ya ɗora mata ruwan kofi, ya ɗauki waya ya kira Lorna.