Humrar Hajiya da Allurar Gwaji

A gidanmu na Zaitawa mace ba ta fita sai an turara ta. Asalinmu Barno ne, kuma mahaifiyata, Hajiya, ta riƙe wannan al'ada gam. Kullum da safe sai ta shimfiɗa mayafina a kan kaskon turaren wuta, ta kuma shafa mini humra da hannunta. Har na fara digiri na biyu a fannin sinadarai ba ta fasa ba.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne haɗa wata 'yar waya da ta fi silin gashi siranta. Ana rufe ta cikin gilashi, a goge bakinta, a tsoma a ruwan da ake bincike, ta auna ɗan lantarkin da sinadarai ke musaya. Allura muke ce mata. Na iya haɗa ta, ba yabon kai ba, duk ajinmu babu mai hannuna. Amma sakamakona ya ƙi tsayawa, na yau daban, na gobe daban. Malamin da ke duba aikina ya ce in ba a ga gyara ba zai ba wani ɗalibi binciken.

Na san ba hannuna ba ne, don haka na bi komai ɗaya bayan ɗaya. Ashe ko da safar hannu, nakan gyara mayafi sannan in taɓa ƙyallen da ake goge bakin allurar da shi. Bakin allurar ƙanƙani ne, ɗan maiƙon humra ya isa ya toshe shi.

Na samu Hajiya tana hura gawayi na faɗa mata dalilin da zan daina sa turare.

"Wato ƙamshina ne ƙazantar?" in ji ta.

"Ba haka ba ne, Hajiya. Ranakun aiki kawai."

"To, je ki. Fita kamar marar uwa."

Na fita da mayafi mai warin sabulu. A makon nan layin da na'ura ke zanawa ya fito sumul, na maimaita ya sake fitowa. Binciken ya zauna a hannuna, na kuma gama shi da kyau. Ko yau aka mayar da ni wannan safiya, abin da zan faɗa mata ke nan.

Sai dai Hajiya ba ta ƙara turara mini mayafi ba, ko ranar Juma'a. Ina ta jiran ta huce, ita ma ashe tana jiran in roƙa. Har ta rasu babu wadda ta fara ta da maganar.