Gaisuwar da Baba Bai Gani Ba

Komai daɗewar da zan yi a duniya, ranar da likita ya ce wa mahaifina ya rufe idonsa na dama ba za ta fita daga raina ba.

Abin ya faro ne da ƙorafi. Ina aure a Tarauni, duk Juma'a nakan leƙa gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Wata rana na sauka daga adaidaita sai aminin Baba, wani dattijo mai shagon kayan masarufi a tsallaken titi, ya yafuto ni.

"'Yar nan, me na yi wa babanku? In zai tafi masallaci, in ɗaga masa hannu har in gaji, ko kallo ban ishe shi ba. In ya dawo kuma shi ne da washe baki, har da tambayar iyali."

Dariya ta kusa ƙwace mini, don Baba mutum ne da ko akuya ya gani a hanya sai ya yi mata sannu. Na ba dattijon haƙuri na wuce, amma maganar ta tsaya mini. In Baba zai tafi, shagon yana hagunsa. In zai dawo, yana damansa.

Da na shiga na tarar da shi a tabarma yana sauraron rediyo. Na haɗa shayi, na zo ta hagunsa na miƙa masa ban ce komai ba. Hannuna har ya fara sagewa bai juyo ba. A nan na tabbata akwai matsala a idonsa.

Kai shi asibiti kuwa sai da aka sha daga. Baba na alfahari da cewa tun da ya yi ritaya ko allura ba a yi masa ba. "Ba inda ke mini ciwo. Haka kawai in kai kaina a nemo mini cuta?" Sai da Inna ta ce ba za ta ƙara yi masa dambu ba, sannan ya ɗauki hularsa yana mita.

A ɗakin gwaji ya karanta haruffan bango tsaf, yana hararata. Sai likita ya ce, "Baba, sa tafin hannunka ka rufe na dama."

Ya rufe. Ya juya kai nan, ya juya can, sannan a hankali ya ce, "Likita, an ɗauke wuta ne?"

Fitila na nan tana ci. Na juya baya don kada ya ga hawayena, na ma manta ba zai gani ba.

Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, daga gefe yake cin gani a hankali, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Na hagu ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ma ya fara taɓuwa, amma maganin ɗigawa zai iya riƙe shi. Da ana duba shi duk shekara, in ji shi, da wataƙila an tsira da duka biyun. Ya ƙara da cewa abin yana bin jini, mu 'ya'yansa da muka manyanta mu zo a auna mu.

Muka kamo hanya har muka iso ƙofar gida. Can Baba ya ce, "Ke gobe za ki koma, ba jibi ba."

Na koma, aka kuwa same shi a idona, bai kai ga yin ɓarna ba. Har yau ina ɗiga magani, Baba ma ya rayu da ganinsa na dama, yana karatun Alƙur'aninsa har Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, rashin jin ciwo ba shi ne lafiya ba. In shekaru suka fara ja, mutum ya kai kansa a duba shi tun yana jin garau. Ni dai na san idanuwan nan biyu da nake rubutu da su, da idon mahaifina ɗaya aka fanshe su.