Inda Hausar Mama Ta Ƙare

Shekara biyar da gama yaƙin basasa yayana bai dawo ba, ba a kuma kawo mana ko takalminsa ba. A shekarar ce na haifi 'yata ta fari a Kafanchan, inda nake koyarwa a firamare. Mama ta taso daga ƙauyenmu na bayan Samaru Kataf ta zo yi mini wankan jego, da ƙunshin acca da citta a kai. Zancen yayana kuwa ba ta zo da shi ba. Dama ba a yin sa a gabanta.

Lokacin ina fama da kaina a kan addu'a. A zumuntar matan majami'a in aka ce in buɗe taro, sai in zuba Hausa har tsofaffi su riƙa gyaɗa kai, amma a ɗakina kwana uku nake yi in watsar. Na sha yin alkawari cewa da jirgin ƙasa na safe ya yi kuka a tasha zan durƙusa. Jirgi ya yi kukansa, ni kuma in gyara kwanciya. Mama ko sau ɗaya ba ta taɓa fasawa ba. Kafin ta hura wutar ruwan wankana sai ta durƙusa a gefen gado, ta faɗi abin da na haddace tun ina ƙarama:

"Allah Uba, na gode. Ka ba mu lafiya. Ka tsare yara na duka, da wanda yana nan, da wanda ba ya nan."

Daga nan sai shiru. Ba motsi, ba amin, tana nan durƙushe har ni da nake leƙenta daga cikin bargo in ji gwiwata ta yi tsami. Can sai ta ce cikin sunan Yesu amin, ta dafa gado ta miƙe.

Shirun nan ya burge ni ƙwarai. Na ɗauka irin sauraron muryar Ubangiji ne da fasto yake yawan faɗa, har na ba matan da suka zo barka labari, ina taƙama da uwata. Wata safiya tana gasa mini jiki da ruwan zafi na roƙe ta ta koya mini yadda ake yi. Da yarenmu muke hira kullum, amma ran nan dariya ta yi ta amsa mini da 'yar Hausarta.

"Wane sauraro? Hausa na ne ya ƙare."

Na zaci zolaya ce. Ashe da gaske take. Ta ce akwai maganar da take so ta gaya wa Allah, babba, amma iyakar Hausarta ta cin kasuwa ce da gaisuwa, ba ta kai nan ba. Shi ya sa take tsayawa a bakin maganar ta yi jira, ko zai duba cikinta ya gani. Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa da yarenmu. Ta dube ni kamar na ce ta shiga majami'a ba ɗankwali. Littafi Mai Tsarki da Hausa ya zo, in ji ta, littafin waƙoƙi da Hausa, baftismar da aka yi mata a rafi da Hausa. Yarenmu kuwa da shi ta ji dattawa suna roƙo a bakin kurmin dodo suna zuba burkutu a ƙasa. In ta yi roƙo da shi, wa ya san wanda zai amsa?

Raina ya ɓaci. Mace ta yi shekara ashirin da wani abu tana bin Yesu, tana share majami'a duk ranar Asabar, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata wannan, har ni 'yarta mai takardar malanta. Ni dama ba na iya riƙe magana. Ina zaune a kan kujerar wanka, daga ni sai zane, na buɗe mata aji. Na tambaye ta wa ya halicci harshen da ke bakinta. Na kawo mata labarin ranar Fentikos, ranar da kowa ya ji maganar Allah da yarensa. Na ce Allah ba Bahaushe ba ne, ba Bature ba ne, babu yaren da ya ɓuya masa. Ina magana ina jin daɗin kaina, ina jiran in ga ta yi guɗa.

Ba ta yi ba. Ganyen da take tsomawa a ruwan ya tsaya a hannunta.

"Duka yana ji?"

"Duka, Mama."

"Har abin da mutum ya faɗa a tsakar gida, ba a durƙushe ba?"

Na ce har shi. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, cikin ruwan da ya malala. A nan ta gaya mini abin da ba wanda ya sani. Ranar da yayana zai tafi a ɗauke shi soja ta hana, ya ƙi. Ta riƙe masa riga, ya fizge. Cikin zafin rai ta ce masa in ya fita ƙofar nan kada ya sake dawo mata gida. Da yarenmu ta faɗa. Duk shekarun nan abin da ya riƙe ta shi ne, ai Allah bai ji ba, tunda ba da Hausa ta yi ba, don haka ba bakinta ne ya tare wa yaron hanya ba.

"Ashe ya ji," ta ce.

Ni da na tashi gyara, sai ga shi na ture mata ɗan bangon da take jingina.

Washegari jirgi ya yi kuka, Mama ba ta durƙusa ba. Ta wuce ta hura wuta. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba, kuma tsoro ya kama ni sosai. Na ba ta haƙuri, na ce fushin uwa ba la'ana ba ne, na ce Allah ya san zuciya. Ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Rana ta biyu haka, ta uku haka.

Da na ga wa'azina ba ya shiga, sai na sauko da kaina na durƙusa a wurin da take durƙusawa. Ba don na zama mai ibada ba, don dai kada safiya ta wuce a gidan ba wanda ya yi. Da yarenmu na yi, da ƙarfi yadda za ta ji daga madafa. Nan na gane ni ma ban iya ba. Duk ƙawar addu'ata a Hausa take, da na cire ta sai na koma kamar yarinya mai koyon magana, ina cewa Baba ga mu, Baba ka taimaki Mama, in yi tuntuɓe in sake. Kullum haka, ko jaririya ta hana ni barci, ko jikina na ciwo, domin in na fasa ba ni da wanda zan bar wa.

Kwana goma sha ɗaya na yi ni kaɗai. Safiya ta sha biyu na ji gado ya motsa, gwiwarta ta sauka kusa da tawa, tana warin hayaƙi. Na tsai da tawa addu'ar. Ta daɗe tana numfashi, sannan ta buɗe baki da yarenmu.

"Kai da ka ji na farko, ka ji wannan ma. Na janye. Duk inda yaron nan yake, ka ce masa uwarsa ta ce ya dawo gida."